Abin da Ake Faɗa wa Yaro Kafin Ya Fita: Zancen Launin Fata da Sandar Hukuma a Gidajen Banikanni

A cikin watan Nuwamba na shekarar 2024 aka wayi gari a Paraku ta ƙasar Benin da labarin wani saurayi da aka tsinci gawarsa a bakin hanya, aka ce hatsarin babur ne. Amma ba a jima ba zance ya sauya, domin waɗanda suka ji abin da ya gudana cikin dare sun fara buɗe baki, jama'a suka tayar da jijiyar wuya, har hukuma ta buɗe bincike, aka tsare waɗansu 'yan sanda bisa tuhumar suna da hannu a cikin mutuwarsa. Hukunci aikin alƙalai ne, mu bar musu. Abin da ya shafi wannan rubutu shi ne cewa tun kafin magidanta su komo daga sallar isha'i, labarin ya riga ya shiga kowane tsakar gida ta cikin wayar hannu, yara 'yan shekara goma sun ji shi, sun ga hotuna, sun kwana da shi a zuci, alhali kuwa a gidaje da yawa babu babban da ya zaunar da su ya ce musu ko kanzil.

Banikanni unguwa ce mai tarin jama'a a cikin Paraku, inda Bariba da Dandawa da Fulani da Yarabawa da Hausawa suke zaune ƙofa da ƙofa, ga kuma mutanen kudu da aikin gwamnati ya kawo, da ɗaliban da suka zo neman ilimi a jami'ar da aka buɗe a garin a shekarar 2001. Yaron Bahaushe a nan yakan tashi da Hausa a ɗakin uwarsa, ya yi ciniki da Dandanci a kasuwar Arzeke, ya biya allo da Larabci, ya amsa tambayar malamin lakwal da Faransanci. Saboda haka duk abin da duniya take ciki yana iske shi ta ƙofofi huɗu, kuma wanda ya rufe masa ƙofar gida kaɗai bai hana shi ji ba, ya dai hana shi jin fassarar da ta fi kowace amfani a gare shi, watau ta iyayensa.

Dalilin shirun nan ba ƙiyayya ba ne, kunya ce da muka gada. A al'adarmu uba ba ya sakin jiki da ɗansa, musamman ɗan fari, wanda ko sunansa uwa ba ta kamawa. In yaro ya yi tambaya mai nauyi akan ce masa, "Kai, ba ruwanka, Allah dai ya kiyaye," a kuma ɗauka an yi tarbiyya. Bayan wannan akwai wata ɗabi'a da ta fi ta illa, wadda kowa ya san ta, ita ce tsorata ƙaramin yaro da hukuma: in ya ƙi cin tuwo ko ya dame ta da kuka, sai uwa ta leƙa ƙofa ta ce, "Yi shiru, ko in kira maka ɗan sanda ya tafi da kai." Yaron da aka reno da wannan magana, ranar da ya ɓata a tashar mota zai guje wa mutumin da ya kamata ya nufa, ranar kuma da ya zama saurayi aka ɗaga masa hannu a kan hanya, ƙafarsa za ta ba shi shawarar gudu tun kafin hankalinsa ya yi magana, gudu kuwa a irin wannan wuri shi ne mafarin musiba.

Wannan tsoro yana da asali, kuma ya kamata yaro ya san asalinsa, domin a nan ne zancen launin fata da zancen sandar hukuma suka fara haɗuwa a ƙasar nan. A zamanin da Faransa take mulkin ƙasar, tana da sunan Dahome, doka da kanta ta raba mutane gida biyu, aka yi 'yan ƙasa masu cikakken haƙƙi, aka yi talakawan mallaka, waɗanda kumandan yake da ikon ɗaure ɗayansu har kwana 15 ba tare da ya tsaya gaban alƙali ba, a kan laifin da bai wuce jinkirin biyan haraji ko rashin girmama Bature ba. Da aikin tilas aka share hanyoyi, aka ɗauki kaya a kai, kuma ba a soke wannan tsari da aikin tilas ɗin ba sai a 1946. Bio Gera, wanda gunkinsa yake tsaye a Paraku bisa doki, yara suna wucewa ta gabansa kullum, ya yi tawaye ne a ƙasar Bargu a 1916 saboda haraji da kamen samari zuwa yaƙin Turawa, aka kashe shi a ƙarshen shekarar. Sai dai akwai wani ɓangare na ƙissar da Bahaushe bai cika son tunawa ba: hannun da ya riƙe bulala galibi baƙi ne, kuma sau da yawa namu ne. A Ikko, wani Bature mai suna Glover ya kafa rundunarsa da Hausawa a 1863, wadda daga gare ta sojan Nijeriya suke ƙirga mafarinsu. A Dahome kuma Faransawa sun yi rundunar da suka kira ta Hausawa, suka shiga da ita yaƙin da suka yi da Sarki Behanzin a 1892. Uban da ya ba ɗansa rabin labarin nan ya bar rabi, ya koya masa cewa zalunci sifa ce ta wani jinsi, alhali kuwa sifa ce ta duk wanda aka ba iko aka ɗauke masa hisabi.

A farkon 2018 aka haɗe 'yan sanda da jandarma suka zama runduna guda, wadda ake kira 'Yan Sandan Jamhuriya, kuma adalci ya wajabta a faɗi cewa direbobin da suke bin hanyar Kwatano zuwa Malanbil sun ga raguwar shingaye da na goro, idan aka gwada da da. Amma shekarun da suka biyo baya sun zo da nasu tabo. Bayan zaɓen 'yan majalisa na Afrilun 2019, wanda aka yi ba tare da jam'iyyun adawa ba, an yi harbi a Kwatano a farkon watan Mayu, an kuma yi a Cawuru da Save a watan Yuni, sa'an nan aka yi dokar afuwa a ƙarshen shekarar, wadda ta rufe ƙofar bincike. A Afrilun 2021, gab da zaɓen shugaban ƙasa, aka tare babbar hanya, aka ƙona tayoyi har cikin Paraku, aka rasa rayuka a Save. Daga ranar 1 ga Maris 2024 kuma aka tsananta dokar hular kwano a kan mai babur da wanda ya goya, dokar da a kan kanta maslaha ce, domin kwanyar mutum ba ta fi kwalta tauri ba. Amma yadda aka zartar da ita, da kora da duka, har aka ga hoton bidiyo daga Natitingu ana jibgar mutum a ƙasa, ya sa gwamnati ta rage tara daga sefa 10,000 zuwa 5,000. Yaran da suke aji shida yau a idonsu aka yi mafi yawan waɗannan al'amura.

Game da launin fata kuwa, mai karatu yana iya cewa ina ruwan ɗan Banikanni, wanda ɗan sandan da ke tsare shi baƙi ne kamarsa? Amsa ita ce wayar da ta kawo masa labarin Paraku ita ce ta nuna masa George Floyd a ranar 25 ga Mayu 2020, ɗan sanda ya danne masa wuya da gwiwa a Minneapolis fiye da minti tara, ita ce kuma ta nuna masa harbin da aka yi a Lekki ta Ikko a Oktoban waccan shekara, da Nahel, ɗan shekara 17, wanda aka harbe a Nanterre ta Faransa a Yunin 2023. Baƙaƙen Amurka sun daɗe da mayar da wannan zance wajibi a gidajensu, uba ya zaunar da ɗansa tun bai balaga ba, ya koya masa inda zai ajiye hannuwansa idan aka tsayar da motarsa. Kuma manya a zango ba su manta da Amadu Jallo ba, Bafulatanin Gini mai kasa kaya a titin New York, wanda 'yan sanda huɗu suka yi wa ruwan harsashi 41 a ƙofar gidansa a Fabrairun 1999, yana ƙoƙarin ciro jakar kuɗinsa daga aljihu, kotu kuma ta sallame su.

Amma Amurka nesa ce; abin da ya fi kusa da mu yana arewa. Jugu, tsohon zangon fataken goro a kan hanyar Kano zuwa Gwanja, har yau garin matafiya ne, kuma da wuya ka shiga unguwa ba ka sami gidan da ɗansu ya bi ta Gaya da Agadas ya nufi Libiya ko Aljeriya ba, ko gidan da 'yarsu ta tafi aikatau Kuwait ko Labanan. Waɗanda suka komo sun san abin da suka gani. Duniya ta ga hoton da CNN ta fitar a Nuwamban 2017 ana gwanjon baƙaƙen fata a Libiya. An san yadda motocin Aljeriya suke zubar da mutane a cikin hamada, su taka kusan kilomita 15 kafin su kai Assamaka. An ji jawabin shugaban Tunusiya na Fabrairun 2023, wanda bayansa aka riƙa korar baƙaƙe daga gidajen haya da wuraren aiki. Wannan shi ne mafi ɗacin zance ga yaron makarantar allo, domin an tashe shi a kan girmama harshen da aka saukar da Alƙur'ani da shi, sai ga yayansa ya komo yana ba da labarin an kira shi bawa da wannan harshe, daga bakin wanda suka yi sahu ɗaya a masallaci. Idan ba a rigaya an bambance masa tsakanin addini da halin waɗansu masu addinin ba, ɗayan biyu ne zai same shi: ko ya raina kansa, ko ya yi shakkar abin da aka karantar da shi.

Ga shi kuwa hujjar tana nan a cikin gafakar malamanmu, ba sai an aro ta daga waje ba. Sura guda ta Alƙur'ani an sanya mata sunan Luƙmanu, wanda da yawa daga masu tafsiri suka ce baƙin mutum ne daga ƙasar Nuba ko Habasha, kuma abin da aka hakaito daga gare shi ba komai ba ne face uba yana yi wa ɗansa wasiyya, ya haɗa masa tsayar da salla da hana mummuna da haƙuri a kan abin da ya same shi da sassauta murya. Buhari ya ruwaito yadda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tsawata wa Abu Zarri saboda ya aibata wani mutum da uwarsa, ya danganta wannan ɗabi'a ga jahiliyya. Ibnul Jauzi ya yi littafi sukutum a kan falalar baƙaƙe da Habashawa. Ahmadu Baba na Tumbutu, wanda shi kansa aka kai Marrakush a ɗaure bayan Maroko ta ci Songhai, ya rubuta Mi'irajus Su'udi a wajen 1615, inda ya rushe da'awar masu cewa baƙar fata alama ce ta bauta, ya kuma ambaci Kano da Katsina a cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. A ɓangaren masu iko kuma, Shehu Usmanu ya jera a cikin Kitabul Farƙi ire-iren zaluncin sarakuna da barorinsu, har da ƙwace a kasuwa da cin hanci a wurin shari'a. Saboda haka karin maganar nan da ake rufe bakin yara da ita, cewa bin na gaba bin Allah ne, tana da iyaka, kuma malamanmu ne suka shata iyakar tun kafin a haifi kakanninmu.

Sai dai laifi tudu ne, kuma yaro yana da kunnen da ya fi na babba kaifi. A wannan ƙasa ta Bargu akwai Gando, waɗanda har yau ake yi musu gori da bautar da kakanninsu suka yi a hannun Bariba da Fulani, ake kuma hana su aure a waɗansu gidaje. Akwai kalmar arne da take fita daga bakinmu ba tare da mun ji nauyinta ba. Akwai uwar da take yaba jaririya da cewa ta yi sa'a ta fito fara, a gaban yayarta baƙa, ga kuma man bilicin a kan tagar ɗaki. Tun da hare-haren masu bindiga suka fara a arewacin ƙasar a ƙarshen 2021, har ya kai ga kashe sojoji 54 a yankin dajin W a Afrilun 2025, zato ya faɗa kan Fulani gaba ɗaya, kuma abin da babba ya faɗa a zaure da dare, shi ne yaro yake jefa wa ɗan ajinsu da safe. Mutanen zango kuwa su ne ya fi cancanta su ji tsoron irin wannan kuɗin goro, domin sun sha shi: an kori 'yan Dahome daga Abijan a 1958, daga Nijar a ƙarshen 1963, daga Gabon a 1978, Gana ta kori baƙi a 1969, Hausawa da yawa suka baro Kumasi da Ankara da abin da kansu zai iya ɗauka, Nijeriya ta yi nata a 1983. Akwai tsofaffi a Paraku da Jugu waɗanda da ƙafarsu suka yi waɗannan tafiye-tafiye, jikokinsu kuwa ba su taɓa jin labarin ba.

Waɗannan tsofaffi su ne maganin kunyar da muka ambata. Abin da uba ba zai iya faɗa wa ɗan fari ba, kaka tana iya faɗa cikin wasan jika, kawu yana iya faɗa a kan hanyar kasuwa, goggo tana iya faɗa wa budurwa lokacin kitso. Al'adar da ta ɗaure bakin mutum ɗaya ta kwance na mutum uku. Ƙaramin yaro ba ya buƙatar fiye da ya san cewa aikin ɗan sanda tsare mutane ne, cewa akwai masu yin aikin da gaskiya akwai masu cin amana, kuma ya haddace sunan ubansa da unguwarsu da lambar waya guda. Saurayi ne mai buƙatar zama na musamman.

Mafi yawan darasin ma a kan hanya ake ba da shi. Ka duba motar haya da ta taso daga Paraku za ta Jugu, aka tsayar da ita, ɗan sanda ya leƙo ya ce kowa ya fito da takarda. Dattijo ya gaishe shi, "Sannu da aiki, Shef," ya gaya masa cewa katin yana aljihun gaba kafin ya kai hannu, ya miƙa da hannun dama, bai ɗaga murya ba, bai kuma sunkuyar da kai kamar mai laifi ba. Aka sauke wani Bafulatani da ke kujerar baya, aka daɗe da shi a gindin bishiya, alhali takardarsa iri ɗaya ce da ta kowa. Da mota ta tashi, yaron da ke gefen dattijo ya matso ya ce a hankali, "Baba, me ya yi?" A wannan gaɓa ce tarbiyya take tsayuwa ko ta faɗi. In ya ce, "Su dai ka san halinsu," ya shuka asabiyya. In ya ce, "Ba ruwanka," ya shuka tsoro. In kuwa ya ce, "Ban ga ya yi komai ba, ɗana, kuma abin da aka yi masa ba daidai ba ne; na yi shiru ne don gardama a nan ba za ta fisshe shi ba, amma in mun sauka za mu tambaye shi ko yana da buƙata," to, ya koya masa bambanci tsakanin ladabi da ƙasƙanci, wanda shi ne ginshiƙin wannan mas'ala duka. Sauran ƙa'idoji sanannu ne: kada ka gudu, kada ka fizge hannunka, sa hularka, riƙe takardarka, ka lura da wuri da lokaci da fuskar wanda ya tsare ka, ka nemi a sanar da gida. Amma wajibi ne a haɗa su da cewa wanda ya kiyaye su duka aka kuma zalunce shi, laifin ba nasa ba ne.

Waya ita ce mas'alar da ban ga wanda ya warware ta sarai ba. Yarinya 'yar shekara 17 ce ta ɗauki hoton George Floyd, kuma ba domin ita ba da wuya a ɗaure Derek Chauvin, ɗan sandan da ya danne masa wuya, shekara 22 da rabi. Hoton Natitingu ma shi ya motsa hukuma. Amma ƙasar nan tana da dokar sadarwar intanet tun 2018, wadda da ita aka ɗaure ɗan jarida Ignace Sossou a ƙarshen 2019 a kan abin da ya wallafa, kuma saurayin da ya tura magana a WhatsApp bai tantance ta ba yana iya kwana a inda bai zata ba. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne a koya masa ya adana abin da ya gani, ya kawo wa babba, kada ya watsa cikin fushi.

Daga nan sai doka, wadda mutanenmu suka fi jahilta, alhali tana gefensu. Tsarin mulkin ranar 11 ga Disamba 1990 ya haramta azabtarwa a sashe na 18, ya kuma hana a tsare mutum fiye da awa 48 sai da iznin alƙalin da aka gabatar da shi gabansa, ko an ƙara ma ba za a wuce kwana 8 ba. Sashe na 19 ya ce ma'aikacin da ya azabtar da mutum za a hukunta shi ko da umarni aka ba shi, kuma an sauke masa wajibcin biyayya ga umarnin da ya keta haƙƙin ɗan Adam. Tsarin mulkin na 1990 ya ba kowane ɗan ƙasa damar kai kuka Kotun Tsarin Mulki da ke Kwatano da takarda a rubuce, kotun kuwa ta sha yanke hukunci cewa tsarewar da aka yi wa wani a ofishin 'yan sanda ta saɓa wa doka. Takardar nan da Faransanci ake rubuta ta. Kuma a gidaje da yawa na Banikanni da zangon Jugu, inda maigida ya sauke Alƙur'ani ya karanta Risala amma bai taka lakwal ba, wanda zai riƙe alƙalami ya rubuta ranar da aka kama, da sa'ar da aka kama, da abin da aka yi wa yayansa a cikin ɗakin, shi ne yaron nan ɗan sakandare da ake kora waje idan manya za su yi magana.